Gwajin Sanyin Inji Sai da Rana Tsaka

A Gashua da Nguru, inda shinkafar fadamun kogin Yobe ke ciyar da injinan casa da na niƙa, makanikai sun gwanance wajen haɗa inji. Sai a ɗauko injin dizal mai silinda ɗaya, a girke shi, a ɗaura masa bel, a kafa duro na ruwa a gefensa da tiyo biyu. Ruwan da ya yi zafi ya hau ta tiyon sama ya koma duro, mai sanyi ya sauko ta ƙasa, ba tare da famfo ba. Dabarar ba ta da laifi. Inda ake kuskure shi ne wajen gwaji.

Galibi da safe ake tayar da sabon haɗi, ya yi minti goma babu kaya a kansa, a ce ya yi. Alhali kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da inji ke ƙonawa zafi yake zama wanda dole ruwan nan ya kwashe, kuma zafin na ƙaruwa ne idan an zuba shinkafa. A watan Afrilu kuwa zafin garin kansa yakan haura digiri 40, duron ya kasa hucewa. Inji ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 80 zuwa 90, ruwa na tafasa a 100, ratar kaɗan ce. Shi ya sa gwaji na gaskiya shi ne a sa masa cikakken kaya da azahar, na awa biyu ko uku, ana auna zafin ruwa, ana duba yoyo a bakin tiyo, ana tabbatar da ruwan duro bai yi ƙasa da tiyon sama ba, domin da zarar ya yi, zagayen ya tsaya cak.

Wani zai ce dizal ya yi tsada, wa zai ƙona shi a gwaji? Gaskiya ne, amma kuɗin lita kaɗan bai kama ƙafar kuɗin gasket da kan silinda da suka ƙone ana tsakiyar kaka ba. Wani kuma zai ce ai ruwa ne, a yi ta ƙarawa. To ruwan rijiya mai gishiri ko kanwa yana barin ɓawo a cikin inji, ɓawon ya toshe hanyar zafi, kuma kowane ƙari yana ƙara masa kauri. A tace ruwan, a rufe duron saboda ƙurar hunturu, a wanke shi kafin bazara ta shigo.