Wasiƙa Zuwa ga Dillalan Mota na Fagge da Sabon Gari, a Kan Tsohuwar Wagon Mai Tsatsa



Ya ku 'yan'uwana dillalai, manyanku da yaranku, waɗanda Allah ya sanya abincinku a tsakanin mai saye da mai sayarwa, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku a kan wata mas'ala guda, wadda a ido ƙarama ce, amma tana da nauyi a mizanin shari'a da kuma rayukan bayin Allah. Ita ce mas'alar tsohuwar wagon mai shan gas, wadda mai ita ya riƙe ta da amana shekara da shekaru, injinta garau, giyarta lafiya lau, sai dai tsatsa ta kama jikinta, ga shi yau ya miƙa muku makulli ya ce ku nemo masa mai saye.

Duk wanda ya tsaya a bakin Kasuwar Singa da hantsi, ya ga yadda manyan motoci ke sauke shinkafa da sukari da fulawa da taliya da gishiri, ya san cewa ba su ne ke kai kayan nan kanti-kanti a Bichi da Ɗambatta da Gwarzo da Kazaure da Daura, har su tsallaka Maraɗi da Damagaram ba; wannan aikin ƙananan motoci ne, kuma a cikinsu babu wadda ta daɗe tana yi wa talakan Arewa hidima kamar wagon ta Peugeot. A 1968 aka fito da 504 a Faransa, wagon ɗinta ta biyo baya a 1971, a 1975 kuma kamfanin Peugeot na Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa motoci, aka ci gaba da yin 504 a can fiye da shekara 20 bayan Faransa ta daina yinta a 1983. To amma galibin 'yan Kaduna fetur suke sha. Masu shan gas, ko 504 ce, ko 505 da ta fito a 1979, ko Mercedes mai dogon baya, mafi yawansu 'yan Beljiyam ne, waɗanda suka sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano bayan sun gama ƙuruciyarsu a Turai. A can kuwa idan hunturu ya yi, gishiri ake watsawa a kan titi domin ƙanƙara ta narke, ruwan gishirin nan ya yi ta fantsama yana maƙalewa a lungunan ƙarƙashin mota shekara bayan shekara. Saboda haka da yawa daga cikinsu da cutarsu suka zo. Busasshiyar iskar Kano ta lafar da ita kawai, sa'an nan laka ta damina da buhunan gishiri da takin zamani da ake labta musu suka tashe ta.

Ban ce ku rage wa motar darajarta ba, domin tauye haƙƙin mai sayarwa shi ma zalunci ne. Injin Indenor da ke cikin 504 da 505 masu shan gas, idan ya sami baƙin mai a kan kari, da gas wanda ba a surka da kananzir ba, kuma ba a taɓa barin lagireto ya ƙafe har ya tafasa ya ƙona gasket ba, inji ne mai jimiri wanda duk wani tsohon bakanike ya san cikinsa. Wannan falala ku faɗe ta da babbar murya, amma ku tabbatar da ita da hujja: ku kira mai saye da sassafe, musamman a kwanakin sanyi, ya sa hannu ya ji injin bai kwana da ɗumi ba, a kunna hita, a tayar a gabansa, ya duba irin hayaƙin da ke fita daga salansa. Shuɗi alamar tana cin baƙin mai, baƙi ƙirin galibi nozul ne ko matatar iska, fari kuwa wanda ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi abin tuhuma ne. Dillalin da ya sa yaronsa ya ɗumama mota tun kafin mai saye ya iso, ya riga ya fara ɓoye wani abu, ko da bai furta ƙarya ko ɗaya ba.

Sai maganar tsatsa, wadda dominta na ɗauki alƙalami. Ku sani, Allah ya yi muku albarka, wagon ba kamar babbar mota take ba, wadda ke da shasi dabam, bodi dabam a ɗore a kai. A wagon kuwa jikin shi ne ƙashin baya: daɓen ƙasa, da dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, da wuraren da sifirin da shokozoba suka dafe, su ne ke ɗauke da nauyin duk abin da aka loda. Tsatsar da ta fito a kan bonet ko gefen ƙofa muni ce kawai. Amma wadda ta ci mazaunin sifirin na baya, ko kan shokozoba na gaba, ko wurin kafa jak, wannan ajali ce take jira. Wanda zai sayi motar nan ba yawon shan iska zai yi da ita ba. Buhuna zai jera har rufi, ya ɗora katan-katan a bisa, ya cusa fasinja a gaba, ya kama hanyar Katsina ko ta Haɗeja da gudu, kuma ranar da ruɓaɓɓen ƙarfe ya saki a cikin rami, waɗanda za a kwasa zuwa asibiti ba su halarci cinikinku ba, ba su kuma ci ko kwabo a la'adarku ba. Don haka kafin ku yi wa mota kuɗi, ku ɗaga shimfiɗar ƙasa ku duba, ku leƙa mazaunin batir, da ƙasan murfin but, da bakin robar gilashin gaba inda ruwa ke kwanciya, ku sa a hau da ita kan rami a ƙwanƙwasa ƙarƙashinta da guduma, domin lafiyayyen ƙarfe amo yake yi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji shi dusus.

Na san abin da aka saba, kuma ku ma kun sani. A kai ta gareji kwana biyu, a cusa takarda ko tsumma ko gutsuren kwanon rufi a cikin huji, a shafe da fila, a goge, a fesa fenti mai sheƙi, a malala baƙin kwalta a ƙarƙashi, ta fito tana walƙiya. Malamanmu na mazhabar Imamu Malik ba su bar mu cikin duhu a kan irin wannan ba. Wanda duk ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantarwa a zaurukan Fagge da cikin Birni tun kaka da kakanni, ya san algus da tadlisi da ɓoye aibi haramun ne, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibin da aka rufe masa yana da zaɓin mayarwa. Akwai ma hukuncin da ya zo a hadisi game da dabbar da aka ƙi tatsa kwanaki domin hantsarta ta cika, mai saye ya ɗauka mai yawan nono ce. Shari'a ta ba shi ikon mayar da ita tare da sa'i guda na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Ni a ganina fila a kan ruɓa ita ce wannan hantsa a zamaninmu, har ma ta fi muni, domin waccan dukiya kaɗai take ci, wannan kuwa tana iya haɗawa da rai. Kada kuma wani ya fake da cewa ai ya gaya wa mai saye yadda ya gan ta haka zai ɗauka. Barranta daga aibin da ka sani ka yi shiru a kansa ba ta kuɓutar da kai.

Shawarata, a mafi yawan lokuta, ku sayar da ita da tsatsarta a fili. Ku kira mai walda wanda kuka amince da aikinsa, ya duba a gaban mai mota, ya faɗi abin da gyara na gaskiya zai ci, da kuɗin ƙarfe da na aiki da na fenti, a cire wannan daga farashin irinta mai lafiyayyen jiki, abin da ya rage shi ne kuɗinta. Mai mota zai ji zafi, domin yana tuna kuɗin da ya kashe a inji; ku lallashe shi da cewa kuɗin gyaran jiki ba safai yake dawowa a ciniki ba, kuma sabon fenti a kan tsohuwar mota shi ne farkon abin da ke sa gogaggen direba ya zaro maganaɗisu daga aljihu yana bin ƙofofi da shi, inda duk ya ƙi kamawa ya san fila ce, daga nan kuma ya daina yarda da duk abin da kuka faɗa, har da gaskiyar da kuka faɗa game da inji. Wanda ya saye ta yana gani kuwa, ai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ba zai dawo muku da ƙara wurin shugaban dillalai ko gaban alƙali ba.

Idan kuwa mai ita ya dage sai an gyara, to a gyara gyaran tsoron Allah. A sauke tanki, a cire kan batir, a yanke ruɓa har sai an kai ga farin ƙarfe, a sa faranti mai kauri daidai da na asali, a yi walda ɗinki guda ba ɗigo-ɗigo ba, a shafe ciki da waje da jan fenti mai hana tsatsa. Yanzu kowa da waya a hannu. A ɗauki hoton wurin kafin a yanke, da bayan an yi walda kafin fenti ya rufe, a nuna wa mai saye. A kuma yi hattara da wurin da lambar shasi take, kada wuta ta taɓa ta, domin motar da lambarta ta sami tabo ta shiga zargin sata a kowane shingen 'yan sanda, ko da halaliyar mai ita ce.

Takardu ma ku dube su da idon basira, musamman na kwastan, tun da gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga farkon Janairun 2017, kuma irin waɗannan motoci da yawa ta Jibiya da Maigatari suka san hanya. A rubuta yarjejeniya, a ambaci tsatsar da wurarenta a cikin rubutun, shaidu biyu su sa hannu. Ku gaya wa mai saye gaskiyar kuɗin mai: gas ya yi tsada ƙwarai tun 2022, kuma ko da yake janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya rage tazarar da ke tsakaninsu, mai sayen shi ya kamata ya yi lissafin hanyarsa da lodinsa da kansa. Ku kuma bar ɗabi'ar nan ta sa abokin sana'a ya zo yana taya mota da tsada alhali ba saye zai yi ba, don kawai a zuga baƙo. Sunanta najashu a littattafan fiƙihu, kuma an hana. La'adarku ku faɗe ta tun farko, kada ku ci ta gaba ku ci ta baya ba da sanin kowa ba.

Akwai kuma motar da gyara ya wuce ta, wadda mai walda zai nemi lafiyayyen wurin da zai kama sabon ƙarfe ya rasa. Wannan ita ce mafi wuyar faɗa, domin sau da yawa mai ita dattijo ne wanda da ita ya aurar da 'ya'yansa, da ita ya biya kujerar Makka, yana kallonta kamar ɗaya daga cikin iyalinsa. Ku zauna da shi a gefe, ba a gaban yara ba, ku ce masa: Baba Alhaji, motar nan ta gama aikinta a kan titi, amma injinta da giyarta da aksul ɗinta na baya suna da masu nema. Ku raka shi Ƙofar Ruwa ko wajen masu sayar da kayan gyara a Sabon Gari, a sayar da inji ga mai wata wagon da jikinta ke da sauran ƙarfi, gilasai da fitilu da ƙofofi kowanne a yi masa kuɗinsa, gangar jikin kuma a auna ta a kilo. La'adar da za ku samu a nan ba za ta kai ta sayar da mota sukutum ba, kuma za ta ci muku yini biyu ko uku na zirga-zirga; ku karɓe ta haka nan, ku tabbatar an cire lambar motar an mayar wa dattijon tare da takardunsa, kada wani ya ɗora su a kan wata motar da ba a san asalinta ba.

Wassalamu alaikum. Daga ɗan'uwanku mai yi muku fatan alheri.