Wai Littafina Ya Rikita Yara: To, Laifi Ne?

Yau a yi mini haƙuri da ci gaban labarinmu, wata magana ce ta tsaya mini a maƙogwaro tun watan jiya, in ban amayar da ita ba ba zan samu sukunin rubutu ba.

Fiye da shekara ashirin ke nan ina rubuta littattafan soyayya, irin waɗanda Malam Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. Sunan ya daina yi mini ciwo, domin a kasuwar nake sayarwa, da kuɗin kuma na biya wa 'ya'yana makaranta. To bara sai na ce bari in sake hanya. Na rubuta labarin wata amarya da ke ba da labarinta da bakinta: uwargida na kwashe mata kaya, tana zuba mata abu a miya, tana kiran sunanta da tsakar dare, har ta kai ga ɗauke mata jariri. Mai karatu zai bi ta yana tsine wa uwargida, sai a babi biyu na ƙarshe uwar miji ta karɓi labarin, ta maimaita abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya yadda ita ta gan su. A nan ake gane cewa amarya ciwo ne ya kama ta bayan haihuwa, uwargidan da ake zagi kuwa ita ce ke goyon jaririn don kada uwarsa ta ji masa rauni. Abu guda na bari ban warware ba, wata laya da aka tsinta a ƙarƙashin katifa. Ban faɗi wanda ya ajiye ta ba.

Wata Asabar bayan an tashi daga Islamiyya sai ga 'yata ta shigo da ƙawayenta shida, babbarsu ba ta wuce shekara 17 ba. Ko tabarma ba su bari na shimfiɗa ba. Ɗaya ta ce, "Anti, wallahi kin cuce mu, kwana uku ina tsanar baiwar Allah a banza." Wata ta ce ita kam har shago ta koma, a zatonta shafuka ne suka zube daga nata. Wata ta rantse uwargidan ce dai ta yi asiri, in ba haka ba daga ina layar ta fito? Sai ƙaramarsu, wadda tun shigowarsu ba ta ce uffan ba, ta buɗe nata littafin duk ta ja layi da fensir. Ta ce sau biyu ta karanta, kuma ta lura duk inda uwargida ta yi magana da dare babu wani mahaluƙi a gidan da ya ji sai amarya. Ta ƙirgo mini wurare biyar. Ni da na rubuta, huɗu nake tunawa. Gardama ta kaure a tsakar gidana har aka kira magariba, kowace da hujjarta da lambar shafi.

Bayan kwana biyu na leƙa wajen mai sayar mini da littattafai. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Hajiya, wannan karon kin yi mana ɓarna. Yara na cewa ba su gane ba. Ki taimaka ki yi na biyu, a kama boka, uwargida ta tuba, a yi biki." Na ce, "Alhaji, kwafi nawa aka dawo maka da shi?" Ya yi shiru. A wani zama na marubuta kuma wani ɗan'uwa ya miƙe ya ce irin wannan rubutu na Turawa ne, ƙwaƙwalwar yaranmu ba ta kai nan ba, a ba su abin da za su haɗiye ba tare da tauna ba.

Wannan maganar ce ta sa na ɗauki biro. Wa ya ce na Turawa ne? Yaron da ya tashi a lungunan birni, daga Yakasai zuwa Mandawari, da kacici-kacici aka yaye shi. Gizon tatsuniya maƙaryaci ne, yara sun sani, kuma saboda hakan suke sonsa. A gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, Abubakar Imam ya shiga da Ruwan Bagaja, inda Alhaji Imam ke ba da labarin kansa yana cika baki, yana faɗin yadda ya yi ta wasa da hankalin Malam Zurƙe. Akwai mai karatun da ya taɓa gaskata duk abin da ya faɗa? A Magana Jari Ce kuwa, aku ba don Allah yake zuba labarai ba, dabara ce ta hana ɗan sarki Musa fita daga gida. Ke nan tun kafin a haifi iyayenmu Bahaushe ya san cewa mai ba da labari yana iya samun tasa manufar a ɓoye. Waɗannan littattafai a aji ake karantar da su, babu wanda ya ce sun fi ƙarfin yara.

Sannan a dubi abin da yaran ke kallo. Fim ɗin Indiya na fassara mai awa uku, a tafi baya a dawo gaba, wanda aka ɗauka ya mutu ya bayyana da wata fuska, yarinya 'yar shekara 14 ta zauna ta warware wa kakarta shi tsaf. Sai a littafin Hausa ne kawai ƙwaƙwalwarta za ta gaza?

Kada a ce na kare kaina kawai, bari in faɗi gaskiya a kanmu. Akwai ruɗani na sakaci, kuma ya yi mana yawa. Marubuci ya raɗa wa jaruma suna a littafi na ɗaya, a na uku ya manta ya kira ta da wani. A kashe uba a farko, a gan shi yana ɗaurin aure a ƙarshe. A ja labarin da bai wuce littafi guda ba har huɗu saboda ciniki. Ni kaina na taɓa yi, wata mai karatu ta rubuto mini wasiƙa ta ba ni kunya. Yaro ya ce bai gane irin wannan ba, shi ke da gaskiya. Ma'aunin kuwa mai sauƙi ne: a sake karantawa. Idan sakaci ne, karatu na biyu ƙara tona asirin marubuci yake yi. Idan da gangan aka ɗaure labarin, karatu na biyu ne ke nuna cewa amsar tana nan tun shafin farko. Yarinyar nan mai fensir ta yi mini wannan jarrabawa, kuma ba ta ji tausayina ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ɓangarori biyu da ba sa ga maciji suka haɗu a ra'ayi guda. A 2007 gwamnan Kano na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ya jagoranci ƙona littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, bisa hujjar suna ɓata tarbiyya. Mun yi kuka a lokacin, muka ce an raina mu. To masu ƙonawa sun ɗauki yarinya tamkar ƙwarya, duk abin da aka zuba mata shi za ta riƙe. Mai cewa a ba ta abin haɗiya ba tauna shi ma kallon ƙwaryar yake yi mata. Wancan yana tsoron abin da za a zuba, wannan yana lissafin ribarsa, amma babu wanda ya yarda tana da hankalin da za ta auna magana ta ce wannan ƙarya ce. Alhali wannan hankalin ne zai cece ta ranar da saurayi ya zo da daɗin baki, ko wata ta kawo mata gulmar kishiya.

Akwai abin da ban gaya wa Alhaji ba. Da ƙawayen suka watse ranar nan, ɗaya ta tsaya a soro tana murza bakin hijabinta. Ta ce, "Anti, yayata ma haka take yi tun da ta haihu. Ba ta barci, tana cewa ana kiranta. An ce aljanu ne, har ɗaure ta ake yi." Washegari na saka mayafi na je wajen mahaifiyarsu. Ban ce a bar addu'a ba, Allah Ya kiyaye, addu'a takobin mumini ce. Na dai ce a haɗa da likita, tunda ga asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa a Dawanau, kuma irin wannan ciwo na bayan haihuwa sananne ne, ana maganinsa. Sun kai ta. Da na rubuta labarin a miƙe, aka kama boka aka yi biki, da yarinyar nan ta rufe littafi ta yi barcinta, yayarta na ɗaure a ɗaki.

Saboda haka, Alhaji, ka yi haƙuri, babu littafi na biyu. Layar nan za ta ci gaba da zama a ƙarƙashin katifa. 'Yan'uwana marubuta, mu gyara sakacinmu, mu daina fakewa da cewa yara ba za su gane ba. Iyaye kuma, idan 'yarku ta ce littafi ya ruɗa ta, kafin ki ƙwace, Hajiya, zaunar da ita ki ce ta ba ki labarin, ki tambaye ta wa take ganin ya yi ƙarya a ciki. Za ki sha mamakin abin da ke kan yarinyar da kike aike sayen barkono.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu ɗora daga inda muka tsaya. Wassalam.