Motarka na shan mai? Kafin ka ce bakanike ya "rage mata mai", karanta wannan 🧵

1/
Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da ₦200 har ta haura ₦1,000 a ƙarshen 2024. Farashi ba a hannunmu yake ba. Amma a ganina, wani kaso na man da muke ƙonawa tsakanin Bichi, Ɗambatta da Makoɗa, mu muke zubar da shi da hannunmu.

2/
Da farko, auna. "Tana sha sosai" ba lissafi ba ne. Cika tanki a gidan mai har famfo ya tsaya da kansa, rubuta kilomita. Yi zirga-zirgarka, ka koma famfon nan ka sake cikawa. Misali: kilomita 300, lita 36, ka ga lita 12 ke nan a kowace kilomita 100. In mitar motar ta mutu, auna tafiyar da taswirar wayarka.

3/
Galan ɗin 'yan bumburutu ba ma'auni ba ne. Ba ka san ko ya cika ba, ba ka san me aka gauraya ba. Sai ka ɗora wa inji laifin da ba nasa ba.

4/
Yanzu ga inda za mu yi rigima: cire tamostat da haɗa fanka dairek. An yi wa Golf da Sharon da yawa wannan aikin da sunan wai "motar Turai ce, ba ta son zafin Kano". Ni dai ban yarda ba.

5/
An ƙera inji ya yi aiki a zafin kusan digiri 90. In yana da sanyi, kwamfutar motar ƙara masa mai take yi har ya ɗumama. Ka cire tamostat, ka sa fanka tana juyawa ba tsayawa, to da asubar hunturu injin zai daɗe bai kai zafinsa ba. Kai kuma kana ta biya.

6/
Wani zai ce, "Malam, ai da aka cire ta daina obahitin." Gaskiya ne, amma ɓoye ciwon aka yi. Ka duba lagireto, wataƙila ruwan rijiya ya toshe shi da tsatsa da gasari. Ko murfinsa ya saki, ko fanka ba ta tashi a kan lokaci. Can ya kamata kuɗin gyara ya tafi.

7/
Fitilar nan mai hoton inji da ake liƙe wa salatif: magana take maka. Sau da yawa sensar da ke salansa ce ta mutu, musamman in an fasa an cire "indomi". Sa a jona mata kwamfuta a karanta matsalar kafin ka nufi Ƙofar Ruwa sayen kaya da ka.

8/
Ƙura. Wanda ke bin burji zuwa ƙauye da rani ya san yadda iyakilina ke cika. A mota mai kafireta, kai tsaye yake ƙara shan mai. A mai injekta ƙarfi yake ragewa, sai ka ƙara danna totur. Cire shi gaba ɗaya kuwa, yashi ka gayyato ya cinye ringi.

9/
Baƙin hayaƙi, warin ɗanyen fetur, fulogi ya yi baƙi ƙirin: mai na shiga fiye da kima. Duba fulogi da nozul. Sannan bayan tafiya, kusanta hannunka da kowace ƙafa. Wadda ta fi sauran zafi, birki ne ke riƙewa.

10/
Taya. Mai faci ya buga da ƙafa ya ce "ta yi" ba awo ba ne. A sa geji da safe kafin taya ta yi zafi. Adadin yana rubuce a jikin ƙofar direba, a Golf kuma galibi cikin murfin tanki.

11/
Sa mota furi a gangara ma ba dabara ba ce a mota mai injekta. In tana cikin giya ka ɗaga ƙafa, kwamfuta yanke mai take yi. A furi kuwa sai ta ba shi don kar ya mutu, ga haɗari.

12/
Me ya sa na damu? Ranar Lahadi, kasuwar Ɗambatta, duk litar da ta tafi a banza wani ne zai biya: fasinja, ko manomin da zai kai buhun gero Dawanau. Direba ma haka zai koma gida ba na cefane.

13/
Don haka ka fara da mai araha: awo, iskar taya, iyakilina, birki, fulogi. Sai tamostat da sensa. Bayan kowane gyara ka sake aunawa.

Kanikawan da ke nan, ina jiran hujjarku a kan tamostat. Direbobi kuma, lita nawa taku ke sha a kilomita 100? 👇