Masu Cinikin Bege: Daga Hayar Mahaifa Zuwa Soyayyar Waya



A watan Satumban 2024 'yan sandan Kambodiya suka dira wani katafaren gida a lardin Kandal, kusa da Phnom Penh, babban birnin ƙasar. Mata 24 suka tarar a ciki, 20 'yan ƙasar Filifin, huɗu 'yan Biyetnam. Goma sha uku daga cikin 'yan Filifin ɗin suna ɗauke da juna biyu, kuma duk cikin haya ne. Ta intanet aka nemo su, aka yi musu alkawarin kuɗi, aka ajiye su suna jiran ranar haihuwa domin a karɓe jariran a miƙa wa waɗanda suka biya. A watan Disamba kotu ta sami masu cikin goma sha ukun da laifin safarar mutane, ta yanke musu shekara huɗu-huɗu, biyu a gidan yari, biyu a jingine. Har matar da ke dafa musu abinci sai da aka ɗaure ta wata biyu. Sai da sarkin ƙasar, Norodom Sihamoni, ya yi musu afuwa sannan suka koma Manila dab da ƙarshen shekara, tare da jarirai uku.

Waɗanda suka shirya harkar, suka biya kuɗin jirgi, suka karɓi dalolin masu neman haihuwa, ba a ga ko ɗaya a gaban alƙali a wannan shari'a ba.

Kasuwar hayar mahaifa ba ta mutuwa, ƙaura take yi. Shekaru da dama Indiya ce cibiyarta, har gwamnati ta rufe ƙofa ga baƙi a 2015. A shekarar ce Tailan ita ma ta haramta wa baƙi, bayan abin kunyar da ya faru a 2014, lokacin da wasu ma'aurata 'yan Ostireliya suka tafi da jaririya suka bar tagwaicinta, Gammy, a hannun matar da ta haife su, yaron yana fama da lalurar galahanga. Dillalai suka tsallaka Nepal, kotun ƙoli ta dakatar da su. Suka koma Kambodiya, ita ma ta haramta a 2016. Duk inda doka ta rufe ƙofar gaba, sai harkar ta koma ta bayan gida, kuma a bayan gida gungun miyagu ke da iko.

Turai ma ba ta tsira ba. Dokar Girka ta yarda mace ta ɗauki ciki a madadin wata, amma da izinin kotu, kuma ba don neman riba ba. A watan Agustan 2023 'yan sanda suka kai samame wani sanannen asibitin haihuwa a garin Chania da ke tsibirin Kirit, suka kama ma'aikata takwas. Zargin da suka yi shi ne an kwaso mata 169 daga ƙasashe irin su Yukiren, Romaniya, Moldoba, Jojiya da Albaniya, an zuba su a gidajen haya ana sa musu ido, wasu ana cire musu ƙwan haihuwa, wasu ana dasa musu ciki. Ma'aurata kuwa suna biyan yuro dubu 70 zuwa dubu 100 a kan kowane jariri. Zargi mafi ɗaci shi ne na dashen ƙarya: a kwantar da mace a ɗakin tiyata, a yi kamar an dasa mata ɗan tayi alhali ba a dasa komai ba, bayan makonni a ce mata Allah bai nufa ba, ta sake biya a sake gwadawa. Duk wanda ya san abin da mace ke ji a makonnin nan na jira, tana lissafin kwanaki tana addu'a, ya san wannan zalunci ya wuce na kuɗi. Bayan samamen, jarirai da dama suka maƙale a asibitin gwamnati na garin, iyayensu da suka zo daga Ostireliya da wasu ƙasashe suna jiran gwajin jini kafin a bar su su ɗauke su.

A farkon 2025 wasu mata uku 'yan Tailan suka bayyana a gaban manema labarai a ƙasarsu, fuskokinsu a rufe, ƙarƙashin kulawar gidauniyar Pavena mai kare mata da yara. Suka ce wani talla suka gani a Facebook, ana neman masu ɗaukar ciki a Jojiya a kan bat dubu 25 a wata. Da suka isa, a cewarsu, aka karɓe musu fasfo, aka kai su wani gida da suka tarar da mata 60 zuwa 70, babu ma'aurata, babu takardar yarjejeniya, sai allurai da shirin cire musu ƙwai a sayar. Suka ce wani gungu na 'yan ƙasar Sin ke gudanar da wurin.

Wannan talla na Facebook, da albashin da ya fi na gida, da tikitin jirgi kyauta, da fasfon da ake karɓewa ranar isowa, su ne dai kayan aikin da ake cika gidajen damfarar soyayya da su. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a rahotonsa na Agustan 2023 aƙalla mutum dubu 120 ne ake tilasta wa aikin damfara ta intanet a Myanmar, da kimanin dubu 100 a Kambodiya. Yawancinsu masu ilimi ne, masu jin harsuna, waɗanda aka yaudara da aikin kwamfuta ko na amsa kiran abokan ciniki. Saurayi ya sauka a Bankok, mota ta ɗauke shi zuwa Mae Sot, a tsallakar da shi kogin Moei da dare, gari ya waye masa a Myawaddy ta Myanmar, cikin haraba irin ta KK Park, bayan katanga da waya mai ƙaya da masu gadi ɗauke da bindigogi.

Can za a ba shi wayoyi da yawa da hotunan wata kyakkyawar mace da aka sato, da littafin da ke koya masa abin da zai faɗa kowace rana. Saƙon farko yakan zo kamar kuskuren lamba. Idan mutum ya amsa cewa ba shi ake nema ba, sai a ba shi haƙuri cikin ladabi, hira ta ƙullu. Makonni za a yi ba a ambaci kuɗi ba. Ina kwana, ka ci abinci, yaya jikin mahaifiyarka, hoton abin da aka ci da rana. Sai mutum ya saba, sai ya fara jiran saƙon kafin ya yi barci, sannan a faɗa masa a fakaice cewa akwai wani kawu da ya ƙware a cinikin kuɗin kirifto. A nuna masa wata manhaja mai kama da ta gaske, ya zuba kaɗan, ya ga riba, har a bar shi ya cire ya ga kuɗin sun shiga asusunsa. Wannan cirewa ta farko ita ke kashe sauran shakkar da ta rage masa. Daga nan sai ajiyar fansho, sai jinginar da gida, sai bashin 'yan uwa. Ranar da ya nemi cire kuɗinsa duka, sai a ce sai ya biya haraji tukuna. Lambobin da yake gani a manhajar zane ne kawai, kuɗin sun daɗe da bin asusu bayan asusu.

Mai rubuta masa kalaman soyayyar kuma yana da adadin da dole ya kawo. Waɗanda suka kuɓuta sun ba da labarin duka, da jona lantarki, da hana abinci, da sayar da mutum daga wannan haraba zuwa waccan idan bai kawo riba ba.

Hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta ce a 2022 mutum kusan dubu 70 suka kai ƙarar damfarar soyayya, asararsu ta kai dala biliyan 1.3. Waɗanda suka iya buɗe baki ke nan. Kuma masu cewa sai wawa ake cuta su dubi Shan Hanes, shugaban bankin Heartland Tri-State a ɗan ƙaramin garin Elkhart na jihar Kansas, mutumin da sana'arsa ita ce sanin kuɗi. Ta hirar WhatsApp aka ja shi cikin cinikin kirifto na bogi. Da nasa suka ƙare ya taɓa na cocinsu, ya taɓa ajiyar karatun 'yarsa, sannan cikin makonni kaɗan a 2023 ya tura dala miliyan 47.1 na bankin. Bankin ya durƙushe a watan Yuli, makwabtansa da suka sayi hannun jari suka tashi a tutar babu, shi kuma aka ɗaure shi sama da shekara 24 a 2024. Laifinsa a fili yake, kuma ya cancanci hukunci. Amma waɗanda suka karɓi kuɗin ba su tsaya a gaban wannan alƙali ba.

Shekaru ana kuka da Myawaddy ba a yi wani abin kirki ba, sai da aka sace wani ɗan fim na ƙasar Sin, Wang Xing, a watan Janairun 2025, bayan an gayyace shi Tailan da sunan aikin fim. Labarinsa ya karaɗe ƙasarsa, masu yawon buɗe ido suka fara soke tafiya Tailan, cikin kwanaki aka dawo da shi da kansa a aske. A watan Fabrairu Tailan ta yanke wutar lantarki da mai da intanet ga yankunan bakin iyaka, mayaƙan da ke riƙe da wurin suka saki mutum sama da dubu bakwai. A rukunin farko na mutum 260 da aka miƙa, fiye da rabi 'yan Habasha ne. Dubbai suka shafe makonni a sansanoni marasa isasshen abinci da banɗaki, suna jiran ƙasashensu su samo kuɗin jirgi. Abin takaici ne a ce ran talaka bai isa ya motsa gwamnati ba sai an taɓa mai suna.

An daɗe ana barin jaki ana dukan taiki. Mai cikin haya ana iya ganinta, yaron da ke bakin kwamfuta ana iya kama shi, shi ya sa su ake nuna wa 'yan jarida. Alhali an tabbatar cewa masu gidan ma ana iya cim musu idan aka bi sawun kuɗi. A watan Oktoban 2025 Amurka ta tuhumi Chen Zhi, shugaban rukunin kamfanonin Prince na Kambodiya, da gudanar da gidajen damfara na aikin tilas, ta kuma riƙe bitkoyin kimanin dubu 127, waɗanda darajarsu ta kai kusan dala biliyan 15 a lokacin. Birtaniya ta sa wa kadarorinsa na Landan takunkumi. Kamfanin ya musanta zargin. Irin wannan aiki na bin asusu da kadara ya fi samame wuya, ba ya kuma ba da hoto mai kyau a talabijin, amma shi ke taɓa aljihun da ake gina harabobin da shi.

Kada mai sauraro a Kano ko Maraɗi ya ɗauka labarin nesa ne. Ranar 10 ga Disamban 2024 hukumar EFCC ta kai samame wani bene mai hawa bakwai a unguwar Victoria Island da ke Legas, ta kama mutum 792, cikinsu har da 'yan Sin 148 da 'yan Filifin 40. Hukumar ta ce matasan Najeriya ake ɗauka a ba su kwamfuta da waya da sunan bogi, su ƙulla soyayya da mutane a Amurka da Kanada da Turai, idan mutum ya shiga hannu sai baƙin su karɓi ragamar hirar su kwashe kuɗin. Tsarin Myawaddy ne aka kawo ƙasar da matasa masu digiri suke yawo babu aikin yi.

Ta fuskar haihuwa kuma, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yanke tun a zamanta na Amman a 1986 cewa bai halatta a dasa ɗan tayin ma'aurata a mahaifar wata mace ba. Hukuncin a bayyane yake. Sai dai bai ɗauke wa mace gorin da ake yi mata ba. Matar da ta shekara goma a ɗaki ba ta ko ɓatan wata, dangin miji suna kiranta juya, kishiya tana yi mata habaici ranar suna, ita ce ainihin wadda 'yan damfara ke nema, kuma al'umma ce ta tura musu ita. Haka bazawarar da aka bari ita kaɗai da waya a hannu: idan aka cuce ta, tsoron dariyar mutane ya fi mata asarar kuɗin ciwo, sai ta yi shiru, macucin ya wuce kan ta gaba.

A watan Nuwamban 2024 sashen binciken BBC Africa Eye ya fallasa yadda ake wannan cuta a jihar Anambra. Wata mai kiran kanta likita tana karɓar mata a wani otal a Ihiala, tana sayar musu da magani a kan naira dubu 350, wasu a yi musu allurar da ke kumbura ciki. Sai a ce musu cikin ɓoyayye ne, kada su kuskura su je wani asibiti domin na'urar hoton ciki ba za ta ga jaririn ba. Wasu sukan ɗauki wannan ciki fiye da shekara. Haihuwa ba ta zuwa sai an biya naira miliyan ɗaya da rabi zuwa biyu na wani magani, sannan a gusar wa mace da hankali, ta farka da jariri a gefenta. Jariran daga wani wuri suke fitowa. A wani samame da jami'an jihar suka kai garin Umunya a watan Fabrairun shekarar, sun tarar da gini biyu: ɗaya cike da kayan asibiti domin masu biyan kuɗi, ɗayan kuma an tsare 'yan mata masu ciki ba da son ransu ba, wasunsu shekararsu 17.