Burauzar da ta zo da wayarka ba ƙaddara ba ce

Yawancinmu a nan Poli ta Dutse, wayar da ke aljihunmu Tecno ce ko Infinix ko itel, sabuwa ko 'yar hannu daga Farm Centre ta Kano. Kowace takan zo da burauzarta a ciki, galibi Phoenix, ga Chrome a gefe, sai mai shago ya ƙara maka Opera Mini ya ce ai ba ta cin data. Shi ke nan, da su mutum zai yi ND ɗinsa har ya gama. Ni dai ra'ayina shi ne kowane ɗalibi ya zaɓi burauzarsa da kansa, ya kuma zauna ya saita ta.

Dalilina kuwa, abin da muke shigarwa a intanet yanzu ya wuce duba sakamakon ƙwallo. Tun da aka buɗe shafin neman rancen karatu na NELFUND a watan Mayun 2024, ɗalibi yana rubuta NIN da BVN da lambar JAMB da lambar asusunsa duk a zama ɗaya. Ga biyan kuɗin makaranta, ga rajistar kwasa-kwasai. Duk ta burauza suke bi. Wanda ya haɗa waɗannan lambobi naka, wallahi ya kusa zama kai.

Kuma burauzoji ba ɗaya suke ba. A 2015 masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto ta Kanada sun gano UC Browser, wadda da yawanmu muka taso da ita, tana tura bayanan waya da na wurin da mutum yake ba tare da cikakkiyar kariya ba. A 2020 Indiya ta haramta ta gaba ɗaya. Opera Mini kuwa, in aka sa ta a matakin tsimi mafi tsanani, shafin da ka nema sai ya fara bi ta kwamfutocin kamfanin, su matse shi, sannan ya iso gare ka. Ta haka take rage data. Ban ce suna satar komai ba fa. Amma akwai na uku tsakaninka da shafin, kuma ni ba zan so BVN ɗina ya bi ta hannun na uku ba in akwai hanya miƙaƙƙiya.

Na san abin da za a ce min: malam, data tsada. Gaskiya ne, musamman tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. To amma a tsaya a duba me ke cinye datar. Ka buɗe shafi don sauke littafi ɗaya, sai bidiyon talla ya kunna kansa, tallan caca ya rufe rabin allo, wani shafin ya buɗe a baya ba da izininka ba. Duk kai ke biya. Firefox ta Android tana karɓar ƙarin manhajoji, ciki har da uBlock Origin mai toshe talla da masu bin sawu, kuma kyauta ne. Chrome ta waya ba ta yarda da irin wannan ƙari, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda Google da talla yake samun mafi yawan kuɗinsa. Brave kuma da toshiyarta take zuwa, ba sai ka ƙara komai ba, kuma da yake injinta ɗaya da na Chrome, shafukan rajista ba su cika yi mata gardama ba. Tana da tarkacen kuɗin kirifto a ciki, wannan sai ka shiga saiti ka kashe.

Firefox tana da nauyi, wannan ba ɓoyayye ba ne. A ƙaramar waya mai RAM 2 za ta riƙa ja maka rai. In haka taka take, ka bar Opera Mini don labarai da ƙwallo, amma duk abin da ya shafi kuɗi ko lambar shaida ka yi shi a ɗaya burauzar. Raba su biyu ba zai ci maka komai ba.

Sauyin kaɗai bai isa ba sai da saiti. Ka shiga wurin sanarwa ka goge duk shafukan da ka taɓa danna musu Allow, su ne ke turo maka "ka ci kyauta" da tsakar dare. Ka bar burauzar ta riƙa sabunta kanta, ko da sai ka samu Wi-Fi. Shafin sirri da ake kira incognito kuwa, tarihin abin da ka buɗe ne kawai ba ya ajiyewa a na'urar. Mai Wi-Fi ɗin yana iya ganin shafukan da ka shiga. Inda yake da amfani sosai shi ne kafe. 'Yan'uwa mata musamman, ku daina miƙa wa mai kafe kalmar sirri a takarda kuna komawa gefe. Ki zauna ki rubuta da hannunki, in kwamfutar ta nemi ta adana ki ƙi, in kin gama ki fita daga asusun kafin ki tashi.

Akwai kuma abin da babu burauzar da za ta yi maka. In an turo linki a gurup ɗin aji an ce a cike a samu tallafi, ka buɗe ka zuba BVN da lambar da banki ya turo maka, to ko Brave ko Firefox ba ta da yadda za ta yi. Adireshin NELFUND nelf.gov.ng ne. Ka rubuta shi da kanka sau ɗaya, ka adana shi a alamomin burauzar, ka yi haka ga shafin makaranta ma, daga nan ka riƙa shiga ta can.