Raddi ga Masu Cewa Augusta Klumpke 'Yar Rakiya Ce

Akwai masu cewa bai kamata a jera Augusta Déjerine-Klumpke (1859–1927) cikin magabatan ilimin jijiya ba, wai 'yar rakiyar mijinta ce kawai, Farfesa Jules Déjerine. Hujjojinsu uku ne, bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, wai a inuwar miji ta yi suna. Lissafin shekaru ya ƙaryata su. A 1888 aka ɗaura aurensu, alhali tun 1885, tana ɗaliba a birnin Paris, ta wallafa da sunanta bayanin shanyewar hannun da har gobe likitoci ke kira Klumpke. Ciwon yakan sami jaririn da aka fizgi hannunsa wajen haihuwa, ko wanda ya faɗo daga bishiya ya cafki reshe. Sai yatsu su lanƙwashe kamar ƙafar shaho, wani lokaci fatar idon ɓangaren ta sauko, ƙwayar idon ta tsuke. To me ya haɗa hannu da ido? Ita ta tabbatar, da gwaji a kan karnuka, cewa raunin yana gindin jijiyar da ke fitowa daga laka a saman ƙirji, inda zaren da ke zuwa ido ya ratsa.

Ta biyu, wai sunan Jules ne a kan babban littafin tsarin ƙwaƙwalwa da ya fito a 1895 da 1901. Haka ne, amma su sake duba shafin farko: an rubuta cewa da haɗin gwiwarta aka yi shi. Yanka ƙwaƙwalwa fale-fale da bin sawun kowace jijiya, hannunta na ciki dumu-dumu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ta uku, wai ba ta taɓa hawa kujerar farfesa ba. Wa ya buɗe wa mace wannan ƙofa a fannin likitanci a Faransa ta lokacin? Ko gurbin likita mai neman ƙwarewa a asibitocin Paris, sai da maza suka yi ta adawa kafin ta zama mace ta farko da ta ci jarrabawarsa a 1886. Kuma a 1914 likitocin jijiya da kansu suka ba ta shugabancin ƙungiyarsu.

Jules ya rasu a 1917. Ita kuwa ta ci gaba da jinyar sojojin da yaƙi ya raunata musu laka a asibitin Invalides. Masu wannan da'awa sai su faɗa mana wa take rakawa a lokacin.