Rasuwar Kadinal Baawobr: wa zai ci gaba da kula da masu taɓin hankali?

Ranar 27 ga Nuwamba 2022 Kadinal Richard Kuuia Baawobr, Bishop na Wa, ya rasu a birnin Rum yana da shekara 63, wata uku kacal bayan Fafaroma Francis ya naɗa shi kadinal. Haifaffen yankin Nandom ne. A 2010 ya zama ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar Missionaries of Africa, sannan a 2016 aka ba shi Wa, garin da Musulmi suka fi yawa.

Abin da ya shafe mu shi ne aikin da ya fara a can. Ya haɗa 'yan sa-kai suna bin tituna suna neman masu taɓin hankali da dangi suka yasar, a ciyar da su, a tufatar da su, a nema musu magani.

Gibin da ya cike babba ne. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku na Ghana, Accra, Pantang da Ankaful, duk a kudu suke. Mutumin arewa sai ya yi doguwar tafiya, ko kuwa a ɗaure mara lafiya a gida.

Mu ma a zangunanmu muna ganin yadda tiramadol ke haukata samari, amma kunya ta sa muke ɓoyewa. Iyayenmu sarakunan zango da limamai, ya kamata a ware wani abu daga sadakar Juma'a don maganinsu. Matasa kuma su ɗauki nauyin raka su asibiti.